Tiren Kakata da Tasar Anti Fikreta

Shekara biyu ke nan tiren kakata bai kwana uku a jere a gidanmu ba.

Abin ya fara ne lokacin da aka yi wa mijin Anti Fikreta aikin gwiwa. Su 'yan Bosniya ne, suna hawan ƙasa a benen da muke zaune a Winnipeg, mu muna hawa na uku. Yumma, mahaifiyata, ta soya ta'amiya, irin ƙosanmu, ta jera a tiren, ta ce in kai musu sannu. Tire ne na jan ƙarfe mai faɗi, kakata ta ba ta shi ranar da za mu bar Omdurman, garinmu a Sudan.

Na ce, "Yumma, wannan fa na ajiya ne."

Ta ce, "Ajiyar me? In ba zai ɗauki abinci ba, gara in rufe kwandon shara da shi. Ɗauki ki wuce."

Bayan kwana biyu Anti Fikreta ta dawo da shi. A wajensu, kamar a wajenmu, ba a mayar wa mutum kwanonsa babu komai a ciki. Sai ta gasa burek, wata naɗaɗɗiyar gurasarsu mai nama a ciki, a babbar tasarta, ta ɗora tasar a kan tiren saboda zafi. Yumma ta samu tirenta, amma yanzu tasar Anti Fikreta tana hannunmu, kuma tasa ba ta komawa haka nan. Yumma ta cika ta da wake, ta kwarara mai har baki, yadda ba za ta ɗauku ba sai a kan tire. Na sauka da su. Shi ke nan, tirenmu ya koma hannun Anti Fikreta, kuma tire ba ya komawa haka nan.

Haka suka yi ta yi. Babu wadda ta taɓa cewa ta gaji. Gwiwar mijin Anti Fikreta ta warke, sai tumbinsa ya yi gaba har likita ya yi magana. Ni ce mai hawa da sauka.

Duk wannan bai dame ni ba sai da bikin masallacinmu ya matso, wanda ake yi a lambun bakin kogi kowace shekara in zafi ya shigo. Bana Ifrah ce mai tsarawa, wata 'yar Somaliya mai aikin jinya, wadda ko a masallaci ba a raba ta da takarda a hammata da usur a wuya. Ita ta ƙirƙiro tantin da ta sa wa suna Abin da Muka Taho da Shi. Kowane gida zai ajiye abu ɗaya da ya zo da shi daga ƙasarsu. Gidan da aka kira la'asar bai ajiye komai ba, mutum ɗaya daga cikinsu zai hau dandamali ya yi minti uku yana ba da labarin garinsu.

Yumma ta rubuta tire. A gefe, inda aka ce wa zai yi magana in abin bai zo ba, ta rubuta Sulafa. Sunana ke nan.

Ni kuwa in mutum uku suka juyo suka kalle ni lokaci guda, sai in manta yadda ake haɗiye miyau. A shagon ɗinkin da nake aiki, keken da yake kallon bango na zaɓa. Na taɓa wuce tasharmu da tasha huɗu a bas, don kunyar in ja igiyar tsayawa mutane su waiwayo.

Na ce, "Yumma, in tiren bai samu ba, mu kai wani abin mana."

Ta ce, "Abu uku muka taho da su. Tire, da ni, da ke. Wanne za ki ɗora a tebur?"

Ana gobe biki tiren yana hawan ƙasa. Na ƙwanƙwasa ƙofar Anti Fikreta, ta leƙo hannunta duk fulawa, ta ce, "Gobe, 'yar tsuntsuwa. A can zan ba ki, da zafinsa." 'Yar tsuntsuwa take ce mini, wai muryata ba ta fi ta tsuntsu ba.

Washegari tun da hantsi lambun ya cika. Rumfar Yumma tana kusa da ƙofa, ta Anti Fikreta tana can ƙarshe bayan masu lalle da masu sayar da turare. Sauro ya fito bikin shi ma. Na fara zuwa tantin Ifrah in ga wajen da aka ware mana. An shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, an jera abubuwa: butar shayi, wani Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gilashi, mabuɗin wani gida da ya yi tsatsa, dardumar salla, har da turmin dakan kofi. Wajenmu yana tsakiya, babu komai sai 'yar takarda da aka rubuta sunan Yumma da Omdurman.

A bakin tantin Malam Cherno yake zaune, wani tsoho ɗan Gambiya mai rubutun zayyana. Yana rubuta wa yara sunayensu da alƙalamin kara, kuma shi aka ba tsaron kayan.

Ya ce, "Jikata, ina tiren?"

Na ce, "Yanzu zan kawo, Malam."

"Ki kawo. Na ga sunanki a takardar Ifrah, na ce ikon Allah, yau za mu ji muryar Sulafa."

Na bar wajen da sauri.

A hanya na shirya abin da zan ce wa Anti Fikreta. Zan ce, Anti, don Allah yau ki ba ni tiren haka nan. Na maimaita sau goma a raina. Da na isa, kafin in buɗe baki ta ɗora tasa a kan tiren, burek yana tururi, ta ɗora mini a hannu.

Na ce, "Anti, yau..."

"Yau mai cuku ne. Ki ce wa uwarki na rage gishiri, kar ta sake cewa ina so in kashe ta."

"Anti, tiren..."

"Na goge shi, 'yar tsuntsuwa, har da lemun tsami. Je ki kafin ya huce."

Na tafi. Na ce a raina ba komai, Yumma za ta sauke tasar, ni kuma in gudu da tiren. Haka aka yi, sai dai ban yi taku uku ba ta kira ni.

"Ke, ina za ki da shi?"

"Tanti, Yumma."

"Tasar mutane fa? A kaina zan kai mata?"

Kafin in juyo har ta juye burek ɗin, ta cika tasar da wake, ta yanka tumatir a kai, tana kwarara mai.

Na ce, "Yumma, ga kwali nan. In ɗora a kai mana."

Ta ajiye kwalbar man ta dube ni. "Kwali. In aika wa Fikreta abinci a kan kwali, a gaban duk matan masallaci. Ki ce mini kawai kina so in koma Sudan."

"To a bari sai gobe."

"Ta aiko mini da zafinsa, ni in kwana da tasarta? Ta ce na gaza? La'asar da saura. Ki kai ki dawo."

Na kai. Anti Fikreta ta ɗanɗana waken, ta ce mai ya yi yawa kamar kullum, ta juye, ta wanke tasar a bokiti, ta jawo wani burek daga murhun gashi. Wannan mai dankali ne. Ta ɗora a tasa, ta ɗora tasar a tire, ta ɗora tiren a hannuna.

A nan na gane cewa in na biye musu, la'asar ɗin baɗi ma za ta same ni a hanya.

Maimakon in nufi rumfar Yumma sai na zagaya bayan tantuna, na gangara bakin kogi, na zauna a bayan wata bishiya. Dabarata mai sauƙi ce. In babu abinci a tasa, babu abin da zan kai wa Yumma. In ban kai ba, ba za ta cika ba. Sai in ɓoye tasar, in ajiye tiren, gobe duk abin da zai faru ya faru.

Na yi bismilla na fara ci.

Burek ɗin Anti Fikreta a naɗe yake kamar maciji ya kwanta, kuma na mutum shida ne. Zagaye na farko ya yi daɗi. Na biyu ma ba laifi. A na uku na kwance tsintsiyar hannun rigata, ban san me ya sa ba, ai ba nan ne ya matse ba. A na huɗu na fara ganin dankali in na rufe ido.

Sai ga dinyoyin lambun sun taho, su biyar, suna tafiya kamar masu duba-gari. Akwai allo a wajen da aka rubuta kar a ba su abinci. Ban ba su ba. Na dai ajiye tasar a ƙasa na juya baya ina kallon kogi. Da na waiwayo tasar tana ƙyalli, babbar cikinsu tana kallona kamar tana tambayar ina sauran.

Na lallaɓa zuwa tantin. Na goge tiren da gefen gyalena, na ɗora shi a wajensa, na tura tasar ƙarƙashin tebur, ƙyalle ya rufe ta.

Malam Cherno ya ce, "Madalla. Amma me ya samu fuskarki?"

Na ce, "Dankali, Malam."

Na je na yi azahar da ƙyar, ruku'u ya zame mini aiki. Daga nan na kwanta a ciyawa bayan sahun mata na ce bari in huta minti biyar. Ban san barci ya ɗauke ni ba sai da na ji matan Maroko sun fara kiɗan mandiri, rana ta karkata.

Na koma tantin don in ƙara kallon tiren in ji daɗi. Babu shi.

A gaban wajen wata Baturiya ce a tsaye da kyamara, tana ɗaukar hoton farin ƙyallen da 'yar takardar. Idonta ya yi rau-rau. Ta ce wa Malam Cherno duk tantin babu abin da ya taɓa zuciyarta kamar wannan, mutanen da suka taho ba su da komai sai sunan garinsu. Malam Cherno ya gyaɗa kai a hankali, ya ce haka rayuwa take. Ta dafa kafaɗata ta fita tana share hanci.

Na ce, "Malam, ina tiren?"

Ya ce, "Rokeya."

Anti Rokeya 'yar Bangladesh ce, mai rumfar biriyani. Ta zo ajiye bargon da uwarta ta ɗinka, ƙafarta ta bugi tasar a ƙarƙashin tebur. Ta jawo ta, ta gane ta Fikreta ce, ta ɗaga kai ta ga tiren Awatif, wato Yumma. Duk masallaci an san tare suke tafiya. Ta ce wata mara hankali ta mance da kayan mutane a nan, ta kwashe.

"Malam, ba ka ce mata na nuni ba ne?"

"Na ce. Ta ce wane irin nuni ne tire babu komai a kai, ai abin kunya ne."

"Ba ka hana ta ba?"

"Jikata, na taɓa hana Rokeya wani abu shekarar da aka sa wa masallaci kafet. Har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba."

Na ruga rumfar Anti Rokeya. Tana zuba shinkafa da hannu ɗaya, tana korar sauro da ɗayan.

"Anti, tiren Yumma."

"Ke ce kika yar da shi? Ki gode Allah ni na gani. Na cika tasar da biriyani na aika wa Fikreta. Na ɗora ɗan kwanon yaji a gefe. Kin ci abinci kuwa? Dubi wuyanki."

"Na ci, Anti."

"Ƙarya kike. Buɗe baki."

Ta cusa mini cokali ɗaya kafin ta sake ni.

Da na je wajen Anti Fikreta sai ta ce ai kwanon yajin nan ba na Rokeya ba ne, ta san shi, na matan Afghanistan ne Rokeya ta ara. Shi ya sa ta zuba musu alawa a ciki ta aika a kan tiren, don ba za a kai wa baƙi abu a hannu ba.

Ta ƙara da cewa, "Uwarki ta ce mai dankalin bai iso ba. Ina ya tsaya?"

Na ce zan duba.

Matan Afghanistan sun ce sun karɓi kwanonsu, amma tiren sun ɗauka na 'yan Turkiyya ne, sun jera musu gurasa mai ganye a faranti sun aika. 'Yan Turkiyya sun ce ba nasu ba ne, amma tunda ya zo da abinci ba za su bar shi ya tafi haka ba, sun ɗora nasu sun ba wata mai shuɗin gyale ta kai wa masu shi. Na tsaya na duba lambun. Mata masu shuɗin gyale sun fi arba'in.

Na hangi ladan yana gyara hula yana duba agogo.

Dabara ɗaya ta rage. A gefen dandamali akwai makirufo da ake cigiyar yaran da suka ɓata, da masu motar da suka tare hanya. Tun safe Ifrah take magana da shi. Na same ta a wajen, na ja gefen rigarta.

"Ifrah, don Allah ki yi mini cigiya. Tiren ya ɓata."

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Ta nuna maƙogwaronta. Muryarta ta tafi tun wajen gasar karatun yara. Ta matso kunnena ta ce da raɗa, "Ki faɗa da kanki. Kalma biyar ce."

"Ba zan iya ba."

Ta ɗaga takardarta ta nuna mini sunana, ta nuna ladan, ta ɗaga yatsu uku. Sannan ta nuna makirufon ta ɗaga yatsa ɗaya ta lanƙwasa shi rabi. Na gane. Ko rabin minti yanzu, ko minti uku anjima.

Na karɓa. Na so in tsaya a bayan babbar lasifika inda ba mai ganina, amma wayar gajera ce, sai da na hau matakala biyu. Na rufe ido.

Na ce, "An ɓatar da tire."

Muryata ta fito daga kowane gefe na lambun, har ta ba ni tsoro. Na miƙa wa Ifrah makirufon, sai na ji wata tsohuwa daga gaba ta ce, "Wane iri, 'yata? Tire ya fi ɗari a nan."

Na ce, "Na jan ƙarfe."

Wani mai shayi ya ce, "Nawa ma na jan ƙarfe ne. Uku."

"Mai taurari. Taurari a zagaye, kowane da tsini takwas." Idona yana rufe, ina ganin tiren sosai. "Amma ɗaya tsininsa bakwai ne. Maƙerin da ya yi shi a kasuwar Omdurman ya ce da gangan ya bari, don Allah kaɗai ke yin abu cikakke. Kakata ta ce ƙarya yake, atishawa ya yi."

Aka yi dariya. Na ɗauka ni ake yi wa, na ƙara matse ido.

Tsohuwar ta ce, "Sai me kuma?"

"Ya lotsa a gefe ɗaya."

"Garin yaya?"

"Akuyar maƙwabta ce ta shigo ta cinye kullun da kakata ta kwaɓa. Kakata ta wurga mata tiren. Bai samu akuyar ba, ya samu keken kakana. Kakana yana kan keken."

Dariyar ta fi ta farko. Wani ya tambaya ko kakan ya ji ciwo. Na ce a'a, amma daga ranar a ƙofar gida yake sauka ya turo keken, yana sallama da ƙarfi tun daga nesa. Wata ta ce mutum nawa tiren yake ɗauka, don ta san girmansa. Na ce mu goma sha ɗaya muke zagaye shi a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar lemu, kuma wanda ya zauna wajen lotsawar shi ke samun mai, don nan yake gangarawa, shi ya sa muke faɗa a kan wajen. Na ce ranar da za mu taho kakata ta zauna tun asuba tana goge shi da toka da lemun tsami, har mota ta zo tana gogewa.

Nan ba wanda ya yi dariya. Na ji lambun ya yi shiru, sai kukan wani jariri. Na tuna abin da ya kawo ni.

Na ce, "Don Allah duk wanda ya gan shi ya dawo da shi yanzu. Kuma don Allah, haka nan. Kar a sa komai a kai."

Shirun ya sake kama, amma wani iri. Daga can ƙarshe na ji muryar Anti Fikreta, ba ta buƙatar makirufo.

"Haka nan? Awatif, ke kika koya mata wannan?"

Daga ɗaya ƙarshen Yumma ta amsa, "Ba da yawuna ba, Fikreta. Rana ce ta buge ta."

Sai wani dattijo ɗan Maroko ya ɗaga hannu daga rumfar shayi. Ya ce ga wani nan ƙarƙashin kofuna, bari ya ƙirga. Muka jira yana bin taurarin da yatsa. Ya ce, "Bakwai. Lallai atishawa ce."

Na buɗe ido. Ban taɓa ganin fuskoki da yawa haka suna kallona ba, amma nan da nan suka juya, don tiren ya taso. Dattijon ya kwashe kofunansa, ya tsaya yana kallon tiren, hannunsa ya ƙi miƙa shi. Ya ɗora ɗan faranti na dabino, ya ce wannan ai ba abinci ba ne, dabino ne kawai. Ya miƙa wa na gabansa. Tiren ya dinga tahowa hannu zuwa hannu a saman kawunan mutane, kuma duk rumfar da ya gifta sai ya ɗan nutse ya sake tasowa da ƙarin kwano. Na ga Anti Rokeya ta bi shi da gudu da murfin tukunya cike da shinkafa. Na ga matan Afghanistan. Na ga wata da ban taɓa gani ba ta ɗora kwanon miya tana cewa a yi a hankali. Anti Fikreta ta tare shi a tsakiya, ta ɗaga komai ta zura tasarta a ƙasa.

Lokacin da ya iso dandamali maza biyu ne suke riƙe da shi. Ba a ganin tauraro ko ɗaya.

Ladan ya ce Allahu akbar.

Na sauko na kama hannun Ifrah, na ce, "Ga shi ya zo. Minti ɗaya zan kai shi tanti. Don Allah kar ki sa ni magana."

Ta dube ni kamar na zare. Ta juyo da takardar. An ja layi a kan sunana. Ta matso kunnena ta ce, "Minti bakwai kika yi. Uku aka ce. Kin cinye lokacin 'yan Indonesiya."

Bayan salla aka kai tiren tantin duk da haka, da kayansa a kai, don babu inda za a sauke su. Mutane suka zagaye shi suna ci a tsaye. Malam Cherno ya ja kujerarsa ya zauna daidai wajen lotsawar, ya ce shi ba ruwansa, inuwa ce ta fi a nan. Baturiyar nan ta dawo ta ga abin da ke wajen, ta tsaya da kyamararta ba ta san me za ta yi ba, sai Anti Rokeya ta cusa mata cokali.

Yumma ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta gyara mini gyale, ta daɗe tana gyarawa, fiye da yadda gyalen yake buƙata. Daga baya ta ce, "Ba kullu akuyar ta ci ba. Albasa ce."

Anti Fikreta ta iso tana goge hannu. Ta ce, "'Yar tsuntsuwa, ashe akwai murya. To yanzu faɗa mini, mai dankalin nan ina ya shiga?"

Na ce, "Ya yi daɗi, Anti."

Ta dube ni, ta dubi cikina, ta ce wa Yumma, "Kin gani? Ba kya ba yarinyar nan abinci."

Da aka cinye komai, Yumma ta tsuguna tana jera kwanonin da suka rage a kan tiren. Tara ne, ban da tasar. Babu namu ko ɗaya. Ta ɗaga kowane tana juya shi, tana tambayar na wane ne, ana faɗa mata. Biyu ba a san masu su ba, ta ce za ta bincika ranar Juma'a.

Na ce, "Yumma, kowa yana nan. Mu miƙa musu kayansu yanzu mana."

Ta dube ni irin kallon da ta yi mini a kan kwali. A hanyar gida ta sa muka tsaya a shago ta sayi wake buhu guda.

Anti Rokeya ba a unguwarmu take ba, bas biyu ake hawa zuwa gidanta. Ranar Asabar na tafi da tiren a cinyata, murfin tukunyarta a kai cike da wake, mai yana gangarawa wajen lotsawar yana ɗiga a siket ɗina. Tasha ɗaya kawai na wuce kafin in ja igiyar.